Ƙiba, rama da haki: abin da sikeli ke faɗa da wanda ba ya faɗa game da yaran Legas

A watan Satumba na 2025, Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar da rahoton da ya ce a karon farko masu ƙiba sun fi masu rama yawa a cikin 'yan shekara 5 zuwa 19 na duniya: masu ƙiba kashi 9.4 cikin ɗari, masu rama kashi 9.2. Magidancin da ke Agege ko Idi-Araba, wanda a da yake sayen shinkafa da robar fenti yanzu ya koma derika, in ya ji wannan zai ce ba da mu ake ba. Yana da hujjarsa, domin rahoton da kansa ya keɓe yankuna biyu, Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya, inda har gobe rama ce ke kan gaba. Sai dai Legas ba ta bin lissafin yanki sau da ƙafa. A aji guda na ƙaramar sakandare za ka ga yaron da wuyan rigarsa ke zamewa daga kafaɗa, a benci ɗaya da wanda maɓallin rigarsa ke neman tsinkewa.

Wata takwas kafin wannan rahoto, a Janairun 2025, wani kwamitin masana 58, wanda ɗaya daga mujallun likitanci na Lancet ta tara, ya ce ma'aunin BMI, wato lissafin nauyi da tsawo da ake ƙirga masu ƙibar da shi, bai isa shi kaɗai ya raba mai lafiya da mara lafiya ba. Nan kan iyaye ya ƙara ɗaurewa. Wani na cewa ƙiba ta yi yawa, wani na cewa abin awon ma da gyara. Kanun labaran biyu kuma duk sun tsallake abu na uku da masana lafiyar yara suka daɗe suna nanatawa, wato ƙarfin zuciya da huhu. Yaron nan, mai jiki ne ko siriri, zai iya gudun minti biyar bai dafa gwiwa ba?

Maganar ta fi shafar 'yan shekara 10 zuwa 14. In ban da jarirantaka, babu lokacin da jiki ke sauyawa da sauri kamar nan, kuma a nan ne yawancin yara ke fara yin sallama da wasan guje-guje.

Yadda ake auna nauyin yaro

BMI lissafi ne mai sauƙi. A ɗauki nauyin mutum da kilo, a ninka tsawonsa na mita da kansa, a raba na farko da na biyu. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da shi a shekarun 1830 don nazarin jama'a a dunƙule, sai a 1972 masanin Amurka Ancel Keys ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi. Ga babba, 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma an shiga ƙiba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora wa yaro alƙaluman manya. Yaro da jadawalinsa daban, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a 2007, yana tafiya da shekaru da jinsi. Ɗauki namiji ɗan shekara 13 mai tsawon mita 1.50 da nauyin kilo 50. BMI ɗinsa 22.2 ne. A jadawalin manya lafiyarsa lau. A na yara kuwa ya haye layi, don iyakar sa'o'insa tana wajen 20.8, ƙiba sosai kuma daga wajen 24.8. Ga mace 'yar shekara 13 iyakokin 21.8 ne da 26.2. Ƙasa da 14.9 rama ce ga dukansu.

To ina raunin ma'aunin? Sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba, duk abin da ya hau shi kilo ne. Yaron da ke taya mahaifinsa sauke kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12 kowace Asabar da wanda ke wuni a kujera da waya suna iya ba da lamba ɗaya, alhali abin da ke ƙarƙashin fatarsu ya sha bamban. Balaga ma tana rikita lissafin: yarinyar da ta riga sa'o'inta cikowa da shekara guda za ta fito kamar mai nauyi, ko da girma ne kawai ya zo mata da wuri. Sannan BMI ba ya faɗin inda kitsen ya taru, alhali na cikin ciki, wanda ke kewaye hanta da hanji, shi ya fi alaƙa da ciwon suga da hawan jini.

Shi ya sa kwamitin na 2025 ya ce a riƙa haɗawa da awon ciki. Ƙa'idar da hukumar tsara jinya ta Ingila ta karɓa a 2022, har ga yara daga shekara biyar, ita ce kada kewayen ciki ya kai rabin tsawo. Wannan ko tef ɗin tela ba ya buƙata. A auna tsawon yaro da zare, a ninke zaren biyu, a zagaya cikinsa sama da cibiya kaɗan. In bakunan zaren sun haɗu, to madalla. In sun ƙi haɗuwa, akwai abin dubawa.

Me ake nufi da ƙarfin zuciya da huhu

Tsoka ba ta dogon aiki sai da iskar oksijin. Huhu ne ke jawo ta, jini ya ɗauke ta, zuciya ta harba jinin, tsoka ta karɓa ta ƙona abinci da ita. Abin da ake kira ƙarfin zuciya da huhu shi ne iyakar oksijin ɗin da wannan jeri zai iya isarwa a minti ɗaya idan yaro ya ƙure gudu. Likitoci na rubuta shi VO2max. Ga yaro mai lafiya ba kasafai huhu ke kawo cikas ba. Yawan jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu, da kyawun jinin kansa, su ne ke da ta cewa. Kamar injin da ke tura ruwa daga burtsatse zuwa tankin saman bene: ruwa na nan a ƙasa, ƙarfin injin ne ke nuna ko tanki zai cika. Don haka haki bayan gudu ba lallai ciwon ƙirji ba ne, sau da yawa zuciya ce da ba a saba ba ta aiki ba.

A ɗakin gwaji ana ɗora yaro a injin gudu a rufe masa hanci da baki da na'urar da ke auna iskar. A makaranta kuwa akwai hanya mai araha da Luc Léger na Jami'ar Montreal a Kanada ya tsara a shekarun 1980. A ja layi biyu, mita 20 a tsakani. Yara su riƙa zuwa suna dawowa daidai da ƙarar da lasifika ke bugawa, daga gudun kilomita 8.5 a awa, kowane minti a ƙara rabin kilomita, har yaro ya kasa cim ma ƙarar. Daga inda ya tsaya ake ƙiyasta ƙarfinsa. Masu bincike sun nuna cewa namijin da ya gaza wajen mililita 42 na oksijin ga kowane kilo a minti, da macen da ta gaza wajen 35, sun fi zama da alamomin farko na cutar zuciya da jijiyoyin jini.

Wannan ƙarfi raguwa yake yi a duniya. Grant Tomkinson, masanin Ostireliya, ya tattara gwaje-gwajen yara sama da miliyan 25 daga ƙasashe 28 tsakanin 1964 da 2010, ya gano cewa yaran baya-bayan nan na ƙara kusan daƙiƙa 90 a kan lokacin da iyayensu suka ɗauka suna yara kafin su gama gudun mil ɗaya. Da aka jera ƙasashe 50 a gwajin mita 20 ɗin nan, yaran Tanzaniya ne suka zo na ɗaya, na Amurka na 47. Kuɗi da asibitoci ba su ne ke saya wa yaro numfashi ba.

Inda nauyi da numfashi suka sarƙe

Kusan duk binciken da aka yi ya nuna masu ƙiba na yin baya a gwajin gudu. Dalilin ne ake yi wa gurguwar fahimta. Ga yara biyu, kowannensu jikinsa na iya shan lita 2 ta oksijin a minti. Ɗaya kilo 40 ne, ɗayan kilo 60. In aka raba da nauyi, na farko ya sami mililita 50 ga kowane kilo, na biyu 33. Zuciyarsu ƙarfi ɗaya, amma a takarda ɗaya gwarzo ne, ɗayan ya faɗi. Neil Armstrong da Jo Welsman na Jami'ar Exeter a Ingila sun yi shekaru suna jan hankali kan wannan, cewa rabawa da kilo na tauye mai jiki yana fifita siriri. Masu goyon bayan rabawar kuma suka ce ai a rayuwa jikinka kake ɗauka duk inda za ka. Wanda zai hau matattakalar gadar masu tafiya da ƙafa a Oshodi ba zai ajiye kilo 20 a ƙasa ba.

Kowa da gaskiyarsa. Kitse kaya ne da ba ya taya ɗauka, shi ya sa mai ƙiba ke saurin haki ko da zuciyarsa lafiya take. Abin da ke biyo bayan hakin shi ne matsalar. Yaron da ke zuwa na ƙarshe kullum, ana yi masa ihun lukuti ko buhu, da sannu zai koma mai tsaron gida a ƙwallo, daga nan mai tsaron takalma, daga nan ɗan kallo. Motsi ya ragu, nauyi ya ƙaru, sannan ne zuciyar ke rasa ƙarfin da gaske. A ƙiyasin Tomkinson, ƙaruwar kitse ce ke da alhakin kashi 30 zuwa 60 na raguwar gudun yara. Ragowar ba ruwan ƙiba, rashin motsi ne da ya shafi kowa.

Siriri ma yana haki

A nan ne lissafin Turai ke gaza bayyana halin da muke ciki. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, na 2023 zuwa 2024 ya ce 40. Na 2018 ɗin ya sami ƙarancin jini a kashi 68 na ƙananan yara da kashi 58 na mata 'yan 15 zuwa 49, kuma a cikin matan nan kashi 28 nauyinsu ya wuce kima. Wato rama da ƙiba a ƙasa ɗaya suke, wani lokaci a ɗaki ɗaya.

Jinin da ya yi ƙaranci ba ya ɗaukar oksijin yadda ya kamata. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ke yawan kayarwa, ko tsutsar ciki ke ci, ko bai cika samun nama da wake da ganye ba, zai hau sikeli ya fito daidai, a fili kuma ya riga mai ƙiba zubewa. Ga sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Ga asma. Duk waɗannan sikeli ba ya ganinsu.

Akwai kuma abin da likitan Birtaniya David Barker ya fara hasko wa duniya a shekarun 1980: jikin da ya sha yunwa tun a ciki ko a goye, in daga baya ya yi ƙiba da sauri, ya fi saurin kamuwa da ciwon suga da na zuciya. Wannan ya shafi iyalai da yawa a zangunan Legas, inda aka haifi yaro a ƙauye a shekarar da damina ta yi gardama, aka kawo shi Ikko yana ɗan takwas ko tara ya tarar da burodi da lemo. In ya murje cikin wata shida, gida za a ce Legas ta karɓe shi. Likita kuwa zai so ya ga ko tsawo na tafiya tare da kumatun.

Yadda gari ke tsara jikin yaro

A bi yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare wuni guda. An tashe shi kafin kiran assalatu, don in bai fita da wuri ba gosulo zai cinye masa darasin farko. Ba a samu dama koko ba, an danƙa masa kuɗi. A bakin layi mai shayi ya haɗa masa kofi da madara da sukari cokali uku ko huɗu, da yankan burodin Agege. Ya shiga keke Marwa, ya sauka ya shiga danfo. Makarantar bene ce da aka gina don haya aka mayar ajujuwa, filinta bai wuce inda ake jeruwa da safe ba, shi ma an shafe shi da siminti. Lokacin tara ya sayi fanke da lemo. An tashi, sai lesin. Ya dawo ya sauya kaya ya wuce Islamiyya har kusan magariba. Gidansu irin mai ɗakuna suna kallon juna ne, barandar cike da risho da bokitai, waje kuma kwata ce da ababen hawa, uwa ba za ta yarda ya buga ƙwallo a nan ba. Bayan isha'i ya karɓi wayar yayansa. A duk wunin nan babu minti goma da ya yi gumi saboda gudu, kuma babu wanda ya yi sakaci a cikin iyayensa. Kowane mataki da suka ɗauka don karatunsa ne ko tsaronsa.

Mahaifin yaron nan wataƙila a dandali ya tashi, ana langa da kokawa a farin wata, da rana ga gona ga kiwo. Ba a kira wannan motsa jiki ba, rayuwa ce kawai. Abin da Legas ta ɗauke shi ne filin da lokacin.

Ba duka yara ke wannan layi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, yara da yawa sun koma takawa zuwa makaranta. Wasu na jidar ruwa a jarka, wasu na talla a tasha. Su ba su rasa motsi ba. Amma tafiyar sannu da kaya a ka ba ta kai gudu wajen horar da zuciya ba, kuma abin da suke ci ya fi cika ciki fiye da gina jiki. Da farashin abinci ya haura da kusan kashi 40 a tsakiyar 2024, abin da aka fara yankewa a tukunya shi ne ƙwai da kifi da nama, abin da ya rage kuma garin kwaki da indomi da biskit.

Ɗan gidan mai hali da direba ke kaiwa makaranta da ɗan talla sun haɗu a wuri ɗaya, wato kwalbar lemo. Yawancin lemon kwalba na da sukari wajen giram 10 a kowace mililita 100, ma'ana robar rabin lita ta kai giram 50, kusan ƙaramin cokali 12. Wannan shi ne duka abin da WHO ta yarje wa babba a wuni, yaro kuma ƙasa da haka. Adalci ne a ce ba na kamfani kaɗai ba. Zoɓo da kunun zaƙi da fura da nono, yadda ake zuba musu sukari yanzu, ba su da bakin yi wa lemo gori.

Sai iskar da ake shaƙa. Wani rahoton Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta jawo mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas a 2018, kashi 60 cikinsu yara 'yan ƙasa da biyar, kuma ƙurar da ke shiga can cikin huhu ta kusa ninka iyakar WHO ta lokacin sau bakwai. Huhun ɗan shekara 12 bai gama girma ba. Wasa a bakin babban titi ko kusa da janareto bai yi daidai da wasa a cikin lungu ko filin makaranta ba, ko da yake masana sun fi karkata ga cewa amfanin motsi ya rinjayi illar hayaƙin.

Halin 'yan mata

Binciken WHO kan ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146 ya nuna a 2016 kashi 81 na 'yan 11 zuwa 17 ba sa samun motsin da ya ishe su: maza 78, mata 85. Wani ɓangare na tazarar halitta ce. Da balaga namiji kan ƙara tsoka da jini, mace kan ƙara kitse, wanda jikinta ke buƙata, al'ada kuma na rage mata sinadarin ƙarfe kowane wata. Ɗaya ɓangaren namu ne. Yarinya na fara ƙirgar dangi za a ce ta girma, tsalle-tsalle ya ƙare. Gaɗa da tsallen igiya da 'yar gala-gala, waɗanda ke sa zuciya bugu ba kaɗan ba, sai a bar wa ƙanne. Damuwar iyaye kan sutura da cuɗanya da maza a fili a bayyane take, kuma ana iya warware ta: wuri keɓaɓɓe, malama mace, dogon wando da hijabi. Abin da aka fi rasawa shi ne wanda zai tsaya ya tsara.

Akwai kuma matsin da ke zuwa ta ɗaya gefen. A al'adarmu mai jiki ita ce ƙosassa, siririya kuwa ana tambayar ko ba a ba ta abinci. Daga nan wasu 'yan mata ke faɗawa ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi dezametason ne da magungunan buɗe ciki. Abin da suke kawowa kumburin fuska ne da taruwar ruwa da kitsen ciki, tare da hawan suga da hawan jini da raunin ƙashi, kuma ga wadda ba ta gama girma ba suna iya tsayar mata da tsawo.

Wanne ya fi muhimmanci: masana sun rabu

Ɓangare na farko, masu cewa ƙarfin numfashi ya fi nauyin jiki muhimmanci, ya samo ƙarfi daga aikin Steven Blair a cibiyar Cooper da ke Dallas. A 1989 ya wallafa sakamakon bin mutum sama da 13,000 na wajen shekara takwas, ya nuna mafi raunin numfashi su suka fi mutuwa da wuri, kuma babbar riba tana ga wanda ya tashi daga matakin ƙarshe zuwa na kusa da shi. Daga nan aka sami ra'ayin cewa mai ƙiba mai motsi ya fi siririn da ba ya motsi. A 2016 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta nemi a riƙa duba ƙarfin numfashi a asibiti kamar yadda ake duba hawan jini.

Ɓangare na biyu, masu cewa ƙiba ce ta fi zama abin dubawa, na kafa hujja da wani bincike na Suwidin. An gwada samari miliyan 1.3 lokacin ɗaukar soja suna wajen shekara 18, aka bi su kusan shekara 29. Mafi ƙarfin numfashi haɗarin mutuwarsu da wuri ya yi ƙasa da kusan rabi. Amma wannan kariya ta riƙa raguwa gwargwadon ƙiba, har masu nauyi daidai marasa ƙarfi suka fi masu ƙiba masu ƙarfi tsira. Ga kuma nazarin da ya nuna kusan kashi 80 na matasa masu ƙiba na shiga manyanta da ita, ko da yake yawancin manya masu ƙiba ba su da ita suna yara.

Binciken Dallas da na Suwidin duka a kan Turawa aka yi su, na Suwidin ma maza zalla, saboda haka ba a ɗora su kan yaran Agege kai tsaye. Inda ɓangarorin suka haɗu ya fi inda suka rabu amfani ga iyaye. Motsi shi kaɗai ba ya saurin sauke lambar sikeli, amma cikin wata biyu zuwa uku yana ɗaga ƙarfin zuciya ko da kilo ɗaya bai ragu ba. Wanda ya sa wa sikeli ido kawai zai ce wahalar banza aka yi, ya sa yaro ya daina a daidai lokacin da abin ya fara aiki.

Haraji, manhaja da fili

Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, aka fara karɓa a 2022. Masu fafutukar lafiya sun ce naira biyar a robar rabin lita ba za ta hana kowa saye ba, suna nuni da shawarar WHO cewa sai farashi ya tashi da aƙalla kashi 20 ake ganin sauyi. Masu masana'antu sun ce ƙarin zai rufe ayyuka, kuma talaka ne zai biya. Ko wanne ya yi rinjaye, harajin abin da ke shiga baki ya taɓa, bai ƙara wa yaro fili ba.

Darasin motsa jiki da lafiya na cikin manhajar ƙaramar sakandare, amma a makarantar da ba fili a allo ake yinsa. Yaro ya haddace tsawon filin ƙwallo da faɗinsa don jarrabawa, ƙafarsa ba ta taka ba sai ranar wasannin shekara. Filayen gwamnati suna nan, na Agege, na Teslim Balogun da Filin Wasa na Ƙasa a Surulere, da Rowe Park a Yaba, sai dai ɗan shekara 12 ba zai shiga mota kullum da yamma ya je ba. Abin da ke kusa da shi harabar makaranta ce da ta Islamiyya, kuma mita 20 ta isa.

Abin da za a iya dubawa a gida

Ƙa'idar WHO ta 2020 ga 'yan 5 zuwa 17 ita ce minti 60 a rana na motsin da ke ɗaga numfashi, da kwana uku a mako na mai tsanani. Ba sai a zama ɗaya ba. Tafiyar sauri zuwa makaranta minti 20, tsallen igiya 15, ƙwallo kafin magariba, duk ana tarawa. Hanyar gane tsanani: in yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, matsakaici ne, in kalma biyu uku kawai ke fita, ya kai. Barci ma na cikin lissafi, awa 9 zuwa 12 ga ɗan ƙasa da 13, 8 zuwa 10 ga na sama, kuma yaron da ake tasa kafin asuba ya kwanta sha ɗaya bai samu ba.

Ba a yi wa mai girma horon yunwa. Ga yawancin masu nauyi a wannan shekaru, abin da likitoci ke nema shi ne nauyin ya tsaya tsawo ya cim masa, ta hanyar rage lemo da soye-soye ga gidan gaba ɗaya, ba a ware shi da kwanonsa ba. Mai sikila yana wasa, da ruwa a hannu da hutu, amma ba a sa shi gwajin ƙure gudu sai da izinin likitansa.

Wasu alamu kuwa na asibiti ne ba tare da jinkiri ba: suma ko ciwon ƙirji ana cikin gudu, bugun zuciya mai tsalle, numfashi mai fito da tarin dare, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ko munshari mai ƙarfi da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa. Akwai ɗaya da iyaye mata suka fi gani amma ake ɗauka dauɗa ce. Bayan wuyan yaro mai jiki, ko hammatarsa, ya yi baƙi da kauri kamar karan-miski, a dirje da soso da sabulu ya ƙi fita. Sau da yawa alama ce cewa jiki ya fara ƙin jin sinadarin insulin mai daidaita suga a jini, kuma abin da yaron ke buƙata a lokacin gwajin suga ne.